Shirin sati uku na ɗaliban koyarwa a Finlan: kafin ka biya, duba kalandar makarantunsu

Tunda na dawo 'yan kos ɗinmu da ƙannenmu na ajin ƙasa suke ta tambayata wai shirin nan na hutun bazara da na je kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa, ko dai yawon buɗe ido ne aka lulluɓe da sunan karatu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ina shekarar uku ne a fannin koyar da 'yan firamare. Shirin na sati uku ne a Finlan, wani kamfani da ke haɗa irin waɗannan tafiye-tafiyen ne ya shirya shi tare da wata jami'a ta can, mun kai mu ashirin daga ƙasashe daban-daban. In maki zan bayar, uku cikin biyar ne, kuma ukun nan kusan duka satin farko ne ya ciyo su.

Satin farkon nan kam ba ni da abin cewa sai yabo. Mun sauka a ƙarshen Mayu, aka rarraba mu bibbiyu a ajujuwan wata makarantar firamare da ke ƙarƙashin jami'ar, irin wadda ɗaliban koyarwa na can suke yin TP ɗinsu (wato koyarwar gwaji a makaranta) a ciki, kullum da safe muna bayan aji a zaune da littafi muna kallo har a tashi. Darasin da harshensu ake yi, ban ji ko kalma ɗaya ba, ranar farko har raina ya ɗan ɓaci na ce me zan tsinta a nan. Ashe rashin jin yaren shi ya buɗe min ido, don da kunne ya rasa abin yi sai na koma kallon abubuwan da ban taɓa lura da su ba duk lakcocin da muka sha: inda malama take tsayawa, yadda take durƙusawa kusa da kujerar yaro maimakon ta kira shi gaban allo, da kuma shirun da take yi bayan ta yi tambaya. Wallahi shirun nan ya tsaya min a rai. Za ta jefa tambaya ta yi tsit, hannu biyu uku sun ɗaga amma ba za ta kira kowa ba, tana jira, can sai ka ga wata yarinya da tun safe ba ta ce uffan ba ta ɗaga nata a hankali. Ni da a gwajin koyarwa nake tsoron shiru kamar me, da na ji aji ya yi tsit sai in amsa tambayar da kaina.

Sai batun hutu. Yawanci darasi minti 45 ne sannan a fita waje minti 15, kuma fita ake yi da gaske ba zama a baranda ba. Akwai wani yaro da na sa wa ido, wajen ƙarshen darasi ya fara mutsu-mutsu yana taɓa wannan yana taɓa wancan, ba wanda ya daka masa tsawa, aka fita ya yi gudunsa ya dawo ya zauna lafiya lau. Na karanta wannan a takarda tun kafin in je amma gani ya kori ji. Haka ajin aikin hannu, yara 'yan shekara tara goma, maza da mata, suna riƙe da zarto da keken ɗinki, malamin yana zagayawa hankalinsa kwance.

Abin da ya fi duk wannan amfani shi ne zaman da ake yi bayan an tashi. Malamar ajin takan zauna da mu kusan awa guda da Turanci, mu tambayi dalilin duk abin da muka gani. A nan ne abubuwan da ake ta faɗa game da ƙasar suka fara yin ma'ana a kaina. Tun 1979 malamin firamare sai da mastas, an daina tura sufetoci makarantu tun farkon shekarun 1990, yaro ba ya shiga aji ɗaya sai yana shekara 7, kuma babu jarrabawar ƙasa da ake yi wa kowa da kowa sai ta kammala babbar sakandare, to ka ga malamar da ta yi shirun nan ba ta da wanda ke bin bayanta da agogo, an horar da ita an kuma sakar mata ajinta. Na ji daɗi kuma da ba ta ɓoye mana komai ba, ita da kanta ta kawo maganar cewa sakamakonsu a gwajin PISA, wato gwajin da ake kwatanta ɗaliban ƙasashen duniya da shi, wanda suka zo na ɗaya a karatu a 2000, ya daɗe yana sauka, na 2022 ma ya ƙara yin ƙasa, ta ce kar mu kwashi tsarinsu mu tafi da shi kamar ba shi da aibu.

To daga nan ne labari ya canza. Makarantun Finlan suna rufewa ne a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ba sa dawowa sai cikin Agusta. Ma'ana sati biyun da suka rage mana babu yaro ko ɗaya a makaranta. Takardar tallan shirin ta ce za a riƙa ziyartar makarantu a tsawon zaman, kuma eh an kai mu, amma ajujuwa ne babu kowa, an ɗora kujeru kan tebura, wani jami'i yana nuna mana nan ne ɗakin kiɗa nan ne ɗakin karatu. Gaskiya abin ya yi min ciwo, don mai koyon aikin malanta ba gini ya je gani ba. Sauran lokacin aka cike shi da lakca, wasu masu kyau ne musamman ta kan yara masu buƙata ta musamman, amma yawanci abin da zan iya kallo a intanet ne ina ɗakina. An kai mu ɗakin karatun Oodi na Helsinki da aka buɗe a 2018, wuri ne mai ban sha'awa, an kuma tsallaka da mu Talin ta ƙasar Istoniya a jirgin ruwa, tafiyar kamar awa biyu. Duk na ji daɗinsu amma ba su na zo nema ba. Rana ɗaya ce ta ɗan farfaɗo da mu, da aka kai mu gidan renon ƙananan yara tunda su suna buɗe a Yuni.

Masu shirya abin sun san kalandar nan sarai, shi ya sa na rage musu maki biyu. Da sun matso da shirin farkon Mayu, ko su faɗa ƙarara cewa kwana biyar ne kawai za a ga yara, da kowa ya san abin da ya saya.

Don haka duk mai son irin wannan tafiya, kowace ƙasa ce, ya fara da buɗe kalandar makarantun ƙasar ya ɗora ta kan ranakun shirin. Italiya, inda da yawa ke zuwa don ganin tsarin koyar da ƙananan yara na Montessori da na garin Reggio Emilia, firamarensu na rufewa a farkon Yuni. Ingila kuwa suna aji har wajen ƙarshen Yuli. Japan shekarar karatunsu a Afrilu take farawa, zangon farko ya kai wajen 20 ga Yuli. Ostireliya da Niyu Zilan kuwa Yuni da Yuli lokacin sanyinsu ne, suna karatu, sai hutun sati biyu da ke faɗowa wajen farkon Yuli. Sannan ka tambaye su a rubuce awa nawa za ka yi cikin aji da yara a ciki, kallo kawai za ka yi ko za a bar ka ka koyar, kuma akwai wanda zai zauna da kai bayan darasi ko babu. In har za a bar ka da yara, wasu ƙasashen suna neman takardar shaidar rashin laifi, a Ingila DBS suke ce mata, ka nemi bayaninta da wuri.

Batun kiredit, wato ma'aunin nauyin kwas da jami'a ke lissafa wa ɗalibi, shi ma a kula. Namu kiredit 5 ne a tsarin Turai na ECTS, wanda a Finlan kowane ɗaya yake daidai da aikin awa 27, amma ba dole ba ne jami'arka ta karɓa. Ni Allah ya taimake ni na sa shugaban sashenmu ya rattaba hannu kafin in tafi, wata da muka je tare ba ta yi haka ba, har yanzu tana zirga-zirga. Kuma shirin ba ya maye gurbin TP, kar wani ya ruɗe ka. Biza ta Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ta gajeren zama, kwana 90 cikin 180, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma kamfanin ya makara wajen turo takardar gayyata har sai da na yi ta bin su da imel. Masauki ba laifi, tsaf-tsaf, sai dai ka tafi da abin rufe ido don a Yuni dare ba ya yin duhu sosai.

Yanzu ina TP, jiya na yi wa 'yan aji huɗu tambaya na kame bakina ina ƙirga goma a zuci, a na bakwai wani yaro da ke can lungu ya ɗaga hannu. Wannan daga satin farko na samo shi. Wanda ya ga shirin da dukan ranakunsa suka faɗa lokacin da yara ke makaranta ya je, na ba shi goyon baya ɗari bisa ɗari. Wannan da na je kuwa, sai in sun matsar da ranakun, kuma haka na rubuta musu a fom ɗin da suka ba mu ranar ƙarshe.