Duwatsun da na saya daga Duwala: jan ne ya kunyata ni a gaban dangin miji

Na yi ta ɗaga rubuta wannan don kada in yi shi da zafin rai. Yau wata guda da 'yan kwanaki da bikin ƙanwar maigidana, amma har yanzu in na buɗe robar da ragowar jajayen duwatsun nan suke, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Ku da muke harkar duwatsun ado a Garwa da Marwa, nan arewacin Kamaru, kun san matar da nake nufi, ba sai na kama suna ba. Mai turo kaya daga Duwala, wadda kullum da safe sai ta cika WhatsApp da hotunan ledoji a jere. Kun kuma san kuɗin da take sayar da kilo, kun san ya yi ƙasa da na babbar kasuwa nesa ba kusa ba. Arhar nan ce ta ja ni, ba zan ɓoye ba.

Ni ba 'yar kasuwa ba ce. Koyarwa nake yi a firamare, duwatsu kuwa abin da nake huce gajiya da shi ne bayan la'asar, shekara shida ke nan. A wurin kakata na fara gani. Tana da wata 'yar ƙwarya cike da tsakiya da murjani da waɗansu manya-manya 'yan Bida, irin waɗanda ake narka kwalba a yi, ba ta yarda kowa ya taɓa sai ni. Da can kaɗan-kaɗan nake saye, cokali biyu, cokali uku, wurin masu kawowa daga kasuwar Kurmi ta Kano ta hanyar Yola. Ban taɓa sayen kilo ba sai wannan karon.

Ƙanwar maigidana ce za ta yi aure, mako biyu bayan ƙaramar Sallah. Adda, wato babbar yayarsu, ita ta kira ni da kanta ta ce 'yan matan amarya goma sha biyu ne, ankonsu farin leshi da jan ɗankwali, tana so in yi musu sarƙa da awarwaro da 'yan kunne duk ja. Duk wadda ke zaune da dangin miji ta san abin da ake nufi in babbar yaya ta ba ki aiki da bakinta. Ban yi barcin kirki ba daren nan don murna. Sai dai jan da zai isa mutum goma sha biyu, ya kuma zo iri ɗaya, ba a samunsa da cokali. Na tura wa matar saƙo: rabin kilo na ja lamba 8, kwata na fari lamba 11, kwata na ruwan gwal, da baƙi na jigidar amarya. Ƙananan nan ne da 'yan kasuwarmu suke kira rokay, waɗanda in lamba ta hau dutsen yake ƙanƙancewa: lamba 8 wajen milimita 3, lamba 11 wajen milimita 2. Na tambaye ta sau biyu ko na ƙasar Cek ta Turai ne, na ce, "Hajiya, 'yan Cek ne?" Ta ce, "'Yan Cek ne, 'yar uwa, ko a wuta kika sa ba sa canzawa."

Wajen kawo kaya dai ba ni da ta cewa. Na biya ta Orange Money ranar Litinin, Juma'a da safe aka kira ni daga tashar mota. Daga Duwala zuwa Yawunde, zuwa Ngaundare, zuwa nan, kwana huɗu, an naɗe kwalin da kyau, ko leda ɗaya ba ta fashe ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne alamu sun nuna, ni ce na kau da kai. Duwatsun sun zo a zube cikin farar leda, babu takarda, babu lambar kala. 'Yan Cek na ainihi, waɗanda ake yi a yankin Jablonec, ko dai su zo a shirye kan zare, igiya goma sha biyu a ɗaure wuri guda, ko a leda mai sunan kamfani da lambar kalar a jiki. Na san wannan sarai. Sannan a mako na biyu na lura zaren da nake aiki da shi, farin nan na fatsa, yana komawa ruwan hoda. Yatsuna ma sun yi ja-ja, na ce ai ragowar lalle ne. Wane lalle, ana tsakiyar azumi?

Kusan duk rabin watan azumi na ƙarshe a kan aikin nan na yi shi. In an sauko daga tarawihi, yara sun kwanta, sai in shimfiɗa tawul a kan babban faranti don kada duwatsun su yi ta gangarawa, in zauna har ƙarfe ɗaya, wani lokaci har sahur. Kowace sarƙa layi biyar, kowane layi santimita 45, dutse sama da 150 ke nan a layi guda. Ku lissafa sau sittin. Ya haura 9,000, ban da awarwaro da 'yan kunne, kuma ɗaya bayan ɗaya suka bi ta allurata. Duk wanda ya karkace ko raminsa ya toshe sai in ture shi gefen faranti da farce. Idona ya yi ta ruwa, wuyana ya ƙage. Na kuma ƙara da wata babba mai layi tara, da fararen duwatsu a tsakiya kamar furen auduga, na ce wannan ta Adda ce, kyauta. Ranar da na jera su a kan gado, maigida da kullum yake ce wa abin "wasan yara" sai da ya tsaya ya ɗauki hoto.

Kun san Garwa a Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tasowa daga bakin Binuwai ma kamar daga murhu. Ranar wuni aka kafa rumfa a ƙofar gida, wajen ƙarfe uku 'yan matan suka fito a jere, fari da ja, aka yi ta guɗa. Mata suna tambayar wa ya yi sarƙoƙin, Adda tana nuna ni da haɓa. Minti talatin na yi ina jin kaina a sama. Aka fara kiɗa, aka shiga fili, aka bi su da feshin turare da humra kamar yadda aka saba.

Goggon amarya ce ta fara gani. Tsohuwa ce mai ƙarfin murya, ta miƙe daga tabarma ta ce, "Innalillahi! Yarinyar nan jini take yi a wuya!" Kiɗa ya tsaya. Yarinyar ta shafa wuyanta, ta duba tafin hannu, ta fasa ihu. Ta kusa da ita ta shafa nata, ita ma ja. Gumi ya kwaso rinin ya gangaro da shi cikin wuyan farin leshi, layi-layi, har ƙirji. Masu awarwaro kuwa duk inda suka dafa a jikin riga sai da ya bar shaida. Da aka gane ba jini ba ne sai wuri ya kaure da dariya, kuma wallahi gara ihun da dariyar nan. Ina tsaye riƙe da tiren lemo, na rasa inda zan ajiye shi.

Adda ba ta yi dariya ba. Farar shadda Getzner ce a jikinta, sabuwa, an yi mata aiki tun daga wuya har ciki, kuma tata sarƙar ce mai layi tara. Ta sa hannu ta ɓalle ta a hankali, ta zo har inda nake, ta buɗe tafin hannuna ta zuba, ta rufe mini yatsu a kai. Ta ce, "Malama, riƙe kayanki." Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta shiga ɗaki ta sake kaya.

Da daddare na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da kwalin ya iso. Na zuba cokali ɗaya na jan a kofin gilashi, na sa ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Kafin in idar da sallar isha'i ruwan ya koma kamar zoɓo, foleren da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle. Na ɗiga ruwan goge jan farce a auduga na murza guda biyar, suka fito fari tas. Na sa filaya na fasa ɗaya: cikinsa gilashi ne garau, jan a bayansa kawai yake kamar fenti. Dutsen kirki tun a wurin narka gilashin ake haɗa kalarsa, ko kin fasa shi cikinsa da bayansa ɗaya ne, ba ruwansa da gumi ko turare. Ja kuwa yana cikin kaloli masu tsadar yi, don sai an sa sinadarai irin su seleniyam da kadmiyam, wani ma har da zinariya. Shi ya sa masu neman sauƙi suke ɗaukar farin gilashi su rina. Ba wai rinannen dutse haramun ba ne. Har manyan kamfanonin Japan irin su Miyuki da Toho suna da rinannu, amma suna rubutawa, su gaya miki wannan kalar ba ta son gumi da rana, ki san inda za ki sa ta. Ni ce mini aka yi ko a wuta.

Washegari na tura mata hoton kofin da na rigunan. Ta yi shiru har azahar, sannan ta turo murya ta minti huɗu. Wai turare ne, ai kowa ya san ba a fesa wa dutse turare. Wai shekara nawa tana sayar da jan nan ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Wai zafinmu na arewa ne ya yi yawa. Na ce, "Hajiya, da kika ga adireshin Garwa a kan kwalin, ina kika zaci za a sa su, cikin firji?" Daga ƙarshe ta ce ita ma haka aka sayar mata, in yi haƙuri, in na sake oda za ta rage mini wani abu. Maganar mayar da kuɗi ko ta leshin mutane ba ta ko bi ta kanta ba.

Tsakani da Allah, ba duka kayan ne suka lalace ba. Fararen lamba 11 ɗin suna da kyau ƙwarai, kansu ɗaya, raminsu na ɗaukar zare sau uku ba gardama, na yi saƙar hannu da su ta kwanta lumui. Baƙin ma haka. Jigidar da na yi wa amarya tana jikinta har yau, tana wanka da ita, ta ce ko alama. Da na ji haka sai zuciyata ta ɗan yi sanyi, na fara cewa wataƙila matar nan gaskiyarta ne, ita ma cutarta aka yi, kuma rabin laifin nawa ne da ban jiƙa ba kafin in fara. Har na yi niyyar in rubuta cewa a saya a wurinta, a dai guji ja.

Sai makon jiya na ɗauko ledar ruwan gwal ɗin, wadda ban taɓa buɗewa ba, zan yi wa wata abokiyar aikina abin hannu. Na ji ta ba nauyi. Na kai wurin mai shagon unguwarmu ya ɗora a sikelinsa: giram 210, har da ledar. Kwata fa na biya, 250. Na murza 'yan kaɗan a tafin hannu, ƙyallin ya bi gumina ya bar dutsen toka-toka. To wannan kuma wa ya cuce ta? Kamfani ne ya zo Duwala ya riƙe mata sikeli? Jan da farin na riga na taɓa su, ba ni da yadda zan san ko su ma an tsakure. Nan duk abin ya dawo mini sabo, har muryar Goggo.

Leshin 'yan matan dai an samu ya fita, bayan an jiƙa da lemun tsami da sabulu an shanya a rana, biyu kuma sai da aka sa ruwan jabel, wato bilicin wanki. Shaddar Adda ce ba ta yi ba. Mai wanki ya gwada jabel a wuyan, jan ya tafi, ƙyallin shaddar ma ya tafi tare da shi, wurin ya yi fari fat kamar an manna wani ƙyalle daban. Na je har gida da kuɗi a ambulan, na durƙusa na ce ta yi wa Allah ta karɓa. Ta ce, "Haba Malama, ni da ke?" Ta tura mini ambulan ɗin da ɗan yatsa, ta kira yarinya ta kawo mini ruwa. Da ta karɓa da na fi samun barci.

Na sake yi mata wata sarƙar, layi tara kamar waccan, da jan da na sa aka kawo mini daga Kano. Kwana uku ya yi a kofin ruwan sabulu a kan taga, na fesa masa humra, na fasa guda biyu da filaya, sannan na yarda na zura allura. Tana cikin durowa a naɗe da hankici, yau kwana tara, ban samu ƙarfin halin kai mata ba.

Matar kuwa jiya ma ta sa hotunan sabbin kaya, jan a sahun gaba, ta rubuta "'yan Cek" a ƙasa. Ban goge lambarta ba tukuna, don baƙin nan nata ya kusa ƙare mini kuma akwai jigida biyu da na yi alkawari. In har na saya, sai ta ɗora ledar a sikeli ta turo mini hoto kafin in tura ko dala.