Ƙaramar mota a titunan Gusau: injin lafiya lau, ƙasanta ne ke fara kuka da hunturu

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ƙananan motoci irin su Kia Picanto, Hyundai Grand i10, Suzuki Swift da Toyota Yaris suka ƙara farin jini a wurin ma'aikata da 'yan kasuwa. Injinsu lita 1.0 zuwa 1.5 ne, ba sa shan mai, kuma ba su cika ba da matsala ba idan ana canza baƙin mai a kan kari. Ta wannan fuskar babu abin kushewa. Inda ƙorafi ya fi yawa shi ne ƙasan motar: motar da ba ta shekara biyu ba, ba ta ci kilomita 30,000 ba, amma da safiyar Disamba ko Janairu sai ka ji tana ƙiiƙii a kan tudun rage gudu, tana ƙwas-ƙwas a gargada.

Ginin ƙasansu kusan ɗaya ne, shi ya sa ciwonsu ma ɗaya ne. A gaba akwai shoka a cikin sifirin, tsarin da ake kira MacPherson, da hannun ƙasa guda ɗaya a kowane gefe mai bushin (robar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe) biyu da boljoyin (gaɓar da ke haɗa hannun da ɓangaren taya), sai sandar da ke hana mota karkata a kwana, wadda aka riƙe da roba biyu a tsakiya da link biyu a gefe, wato 'yan sandunan da ke haɗa ta da shoka. A baya kuma ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu, da sifirin da shoka. Tsari ne mai sauƙi, mai arhar gyara, amma kayansa sirara ne, an auna su ne daidai nauyin motar da bai cika wuce tan ɗaya ba.

Kukan safiya yawanci na roba ne. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a nan, shi ke fara busar da robar. Hunturu na zuwa, sanyin asuba ya sauko kusan digiri 15, robar ta ƙage, ga ƙura mai laushi ta shiga tsakaninta da ƙarfe tana goga. Robar tsakiyar sanda ce ta fi yin wannan, domin sandar na juyawa a cikinta duk lokacin da taya ta hau ko ta sauka. Man cikin shoka ma yana yin kauri da sanyi, sai motar ta yi tauri a mintunan farko. Alamar ita ce lokaci: idan ƙarar ta ɓace bayan tafiyar minti goma ko da rana ta ɗaga, ba abin tayar da hankali ba ne. Wadda ta zauna har azahar, ko ta koma bugu maimakon ƙiiƙii, ita ce ta wani abu da ya ci.

A nan ne masu mota ke asarar kuɗi. Ka shiga gareji, a danna bonet sau biyu, a ce maka, "Alhaji, shoka ce ta tafi." A motar da ba ta kai kilomita 40,000 ba, shoka ce ya kamata a zarga daga ƙarshe. Masu ƙera ta irin su KYB da Monroe kilomita 80,000 suke ba da shawarar a canza, kuma ko da hanyoyinmu sun rage mata kwana, link da roba sun riga ta mutuwa. Kafin a kwance komai, a sa mota a kan rami, a watsa ruwa a robar tsakiyar sanda, a girgiza motar. In kukan ya ɗauke, an gano mai laifi. In bugu ne, a cire link biyun, a ɗaure sandar da waya don kada ta taɓa komai, a zagaya a hankali a kan burji. Shiru ya nuna link ne ko robar sandar, kuma kuɗin link bai kai rabin na shoka ɗaya ba. Sannan a ɗaga mota da jak, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga: wasa a nan na boljoyin ne ko boris. A kama ta hagu da dama: wasan na tayrod ne ko rak-en, sandunan da ke haɗa sitiyari da taya. Kan shoka kuwa, mutum ɗaya ya dafa sifirin, wani ya juya sitiyari mota na tsaye. In sifirin yana fizga yana tsalle a hannu, boris ɗin kan shoka ya bushe. Ita shokar kanta a duba jikinta. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba komai ba ne, amma mai da ya gangaro ya jiƙa jikin har ƙasa, ta mutu. A duba robar da ke rufe sandarta ma, domin da zarar ta yage, ƙurar hunturu za ta cinye sil ɗin da ke hana manta zuba.

Akwai kuma ƙarar da ba ta ƙasa ba ce sam: bel da ke ihu da an tayar da mota, ƙura a birki, robobin dashbod da suka tsuke da sanyi, da gwangwanin kare zafi na salansa idan notinsa ya saki.

Me ya sa suke ci da wuri? Hanya na da nata kason. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Kaura Namoda, ko ya bi Tsafe zuwa Funtua, ko ya sauka daga kwalta ya shiga ƙauye ranar kasuwa, ya san abin da taya mai inci 14 ke sha a rami. Amma abubuwa biyu da ke hannun mai mota sun fi hanyar ɓarna, a ganina. Na farko iskar taya. Yawancin waɗannan motoci fam 32 ko 33 suke so, an rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Mai faci kuwa, in ba ka tsaya a kansa ba, 40 ko 45 zai dura, wai don tayar ta yi ƙarfi. Taya ita ce ta farko da ke shanye bugu, in ta yi tauri kamar dutse sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa boljoyin da bushin. A auna da safe kafin a yi tafiya, kuma a sake aunawa idan hunturu ya shigo, don iska na raguwa kusan fam ɗaya a duk saukar digiri 5 zuwa 6. Na biyu lodi. Abin da aka yarda irin wannan mota ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai cika wuce kilo 450 ba. Manya biyar masu kilo 70 sun ci 350. A ƙara buhun masara biyu masu kilo 100 a but, an kai 550. Sifirin baya ya kwanta, shoka tana dukan ƙarshenta a kowane rami, robar da ke tare ta ta farfashe.

Wata al'ada da ya kamata a daina ita ce feshin baƙin mai ko gas a ƙasan mota bayan wanki. Kukan zai yi shiru na kwana biyu, shi ya sa ake ganin magani ne, amma man fetur da danginsa suna kumbura roba su ruɓar da ita. Abin da ya dace shi ne a kwance maƙalar, a wanke sandar, a goge tsatsa, a shafa giris na silikon. In robar ta buɗe baki, a canza biyun lokaci ɗaya.

Idan canji ya zama dole, kaya uku ne a kasuwa. Na kamfanin motar ya fi dacewa, sai dai tsada, kuma sau da yawa sai an aiko daga Kano, Kaduna ko Legas. Na kwali masu suna, irin su 555 na Japan a ɓangaren link, boljoyin da tayrod, ko KYB a shoka, suna aiki sosai in an samu na gaske, amma jabunsu ya cika shaguna. Boljoyin na gaske in sabo ne yana da tauri, da ƙyar yake motsi a hannu, wanda ke lilo tun a kwali a mayar da shi. Na Beljiyam kuma ya danganta: hannun ƙasa ko sifirin ba laifi in an duba, amma shokar Beljiyam caca ce, ba wanda ya san tafiyar da ta yi, bushin kuwa tsohuwar roba ce kawai. Shoka a canza ta biyu-biyu, hagu da dama.

Wurin ɗauri ma ana kashe sabon kaya. Notin bushin hannun ƙasa ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a jak. A sa shi sako-sako, a sauke mota ta tsaya da nauyinta a kan tayoyi, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni, mai mota ya koma yana zagin mai shago. Bayan an taɓa hannun ƙasa, tayrod ko shoka, a kai alaimen, wato saita tayoyi, in ba haka ba gefen taya zai cinye.

Mai motar da ke da garanti ya karanta ɗan littafinsa kafin ya bari a kwance masa komai a gefen titi, domin sau da yawa ana cire roba da shoka daga garanti a matsayin kayan da ke ci, kuma gyaran waje na iya ba dila hujjar ƙin karɓa. In za a kai musu, a ɗauki ƙarar a waya da asuba, don kafin a isa wurin dila rana ta yi, motar ta yi tsit.

Ga ma'aikacin da ke kai-komo cikin Gusau, da wanda ke hawa kwalta zuwa Talata Mafara ko Sakkwato da iyalinsa, waɗannan motoci sun biya kuɗinsu, ya dai sa a ransa cewa link da robar sanda za su zama abin canzawa lokaci-lokaci. Wanda aikinsa ɗaukar buhuna ne daga kasuwannin ƙauye, ya nemi mota mai tsayin ƙasa da manyan tayoyi.