Wata uku ina biyan kuɗi ina neman hafsan da ba ya cikin jerin hafsoshi

A gidanmu ba a taɓa gardama a kan cewa kakana hafsan soja ne ba. Haka muka taso muka ji: ya je Yaƙin Bama, ya dawo da lambar yabo, in ya yi tsawa bataliya guda sai ta nutsu. Abin da ya bari bai wuce biyu ba: hoto ɗaya da ya koɗe, da wata tauraruwar tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Da waɗannan na yi rajistar wata uku a wani shafin intanet na biya, irin masu tattara takardun tsofaffin sojojin Birtaniya. Ba zan kama sunan kamfanin ba.

Gaskiya shafin yana da daɗin amfani. Ko a waya buɗewa yake yi ba wahala, hotunan takardun sun fito fes, kana iya ƙara girmansu har ka ga inda alƙalamin magatakarda ya ɗiga tawada. A makon farko ma shi ya sanar da ni sunan tauraruwar nan, Burma Star, kuma ya warware mini abin da ya daɗe yana damuna: na sha juya bayanta ina neman suna ban gani ba, ashe Birtaniya ba ta buga suna a kan taurarin Yaƙin Duniya na Biyu da ta raba wa sojojinta ba. Wato lambar ta tabbatar ya je, amma ba za ta faɗi ko shi wane ne ba.

Daga nan aka fara wahala. Akwatin binciken suna yake so da sunan iyali, alhali magatakardan soja na wancan zamani yadda kunnensu ya ji suke rubutawa. Suna irin Muhammadu sai ya koma Momo ko Mamadu, wani a haɗa masa da sunan uba, wani da sunan garin da aka ɗauke shi. Shafin bai san duk abu ɗaya ba ne. In sunan Bature ne, da kansa yake kawo maka rubutun da ya yi kama da shi. Namu kuwa sai ka zauna kana gwadawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman mabuɗi a duhu. Ga kuma saƙonnin da suke turowa kusan kullum, wai sun gano sabon bayani game da kakana. In na buɗe da zumuɗi sai in tarar da wani kyaftin ɗan Ingila da ya mutu tun 1917.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gano cewa wani ɓangare na abin da nake biya, kyauta yake a waje. Jaridar gwamnatin Birtaniya, London Gazette, wadda ta faro tun 1665, ita ke buga naɗin kowane hafsa da ƙarin girmansa, kuma kowa na iya bincika ta ba ko sisi. Littattafan jerin hafsoshi, Army List, ɗakin karatu na ƙasa na Sikotilan ya ɗora da yawa daga cikinsu a intanet. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth ita ma kyauta ce, sai dai ta waɗanda suka mutu ce, kakana kuwa ya dawo da ransa. Na bi duka ukun, ko inuwarsa ban gani ba.

Wanda ya cece ni wani ma'aikacinsu ne mai amsa tambayoyi, kuma saboda shi kaɗai ban ce kuɗina sun tafi a banza ba. Bai turo mini amsar nan da ake kwafa wa kowa ba. Ya ce in aiko da hoton. Kwana biyu sai ga amsa: in duba damtsen hannun dama. Na ɗauko hoton na kai bakin taga. Igiya uku ce, a dishe amma ga ta nan, kafaɗa kuwa babu anini ko ɗaya. Shekara da shekaru hoton yana rataye a bango, fuskarsa kawai muke kallo.

Saje ne. Kuma da na san tarihin rundunar da tun farko ban ɓata lokaci ba. A rundunar Afirka ta Yamma ta lokacin, hafsoshi Turawa ne, baƙar fata iyakarsa saje ko samanja. Seth Anthony na Gana, wanda aka naɗa a 1942, don ƙarancin irinsa ne har yau ake ambatonsa. A Najeriya sai 1948 Louis Ugboma ya samu anini, shekara uku bayan an gama yaƙin. Ni kuwa ina ta laluben jerin da ba a ma buɗe wa irin kakana ƙofarsa ba.

Na kira ƙanwar mahaifina. Na ce, "Gwaggo, wai Baba Tsoho hafsa ne ko saje?" Ta ce, "Kai yaro, mu ina muka san wannan? Mun dai san shi ke ba da oda." Can kuma ta ce akwai wani ɗan littafi a ƙasan akwatinta, in yana da amfani in zo in ɗauka. Littafin sallamarsa ne, gefensa duk gara ta taɓa, amma lambarsa ta soja da bataliyarsa suna nan sarai.

Lambar ba ta fito da komai a shafin ba. Bataliyar ce ta yi aiki. Tana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan da ke ƙasar Bama a 1944, inda sojoji suka sare daji suka yi hanyar jif, abinci da harsashi kuma ta jirgin sama ake jefo musu. Kundin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana ma'ajiyar takardun tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a rukunin WO 172. Shafin ba shi da shi, sai wani ɗan'uwa da ke karatu a Landan na roƙa ya je ya ɗauko mini hotuna.

In kakanka hafsa ne mai anini, kuma ka san bataliyarsa, rajistar wata ɗaya ta ishe ka, amma ka fara da Gazette. Ka kuma kashe sabunta biyan nan da ke yin kansa; ni sai da suka cire na wata na huɗu na farga.

Yanzu shafukan kundin nake bi da daddare. Hafsa Bature in ya ji rauni, da sunansa da muƙaminsa ake rubutawa. 'Yan Afirka kuwa galibi adadi ne kawai, an kashe kaza, an raunata kaza. Na kai watan Maris na 1944, saura shafi wajen arba'in.