Jerin Gama-gari ko Ajin Tari na Musamman?

A wata manhaja da na rubuta wa wani dillalin albasa a Marwa ta ƙasar Kamaru, na fara ajiye bayanan buhunan da ake lodawa zuwa Garwa a cikin jerin gama-gari, wato List na harshen C#, wanda ya shigo harshen a 2005. Amfaninsa a fili yake, domin kowane mai rubuta manhaja da C# ya san shi, kuma ga lissafin wucin gadi ya wadatar. Sai dai ƙofarsa a buɗe take. Duk sashen manhajar da ya same shi yana iya saka buhu marar farashi, ko ya share jerin baki ɗaya. Haka kuwa aka yi, wata ranar kasuwa lissafin sefa ya ƙi daidaituwa.

Ɗaya hanyar, wadda na fi amincewa da ita a inda kuɗin mutane suke, ita ce a gina aji (class, wato tsarin da ke haɗa bayanai da dokokin sarrafa su wuri ɗaya) mai suna Lodi wanda ya gaji Collection, wani ajin tari da ake ginawa a kansa a C#, a sake rubuta InsertItem da SetItem, wato umarnin saka sabon abu da na sauya wanda ke ciki, ta yadda za a tantance kowane buhu kafin a karɓe shi. Jimillar kuɗi ma ta koma cikin ajin, maimakon a warwatsa ta wurare biyar. Aikin ya ɗan fi yawa, amma juyawar ba wuya, tunda Collection yana karɓar tsohon jerin. A kula dai, lulluɓe shi yake yi, ba ya kwafe shi, saboda haka duk sashen da ke riƙe da tsohon jerin zai iya tsallake tantancewar.