Wikimedia Commons: rumbun hotunan kyauta da ke da sharuɗɗansa

Masu shafukan labarai da masu tallata haja a intanet da yawa sun saba shiga Google su ɗauko hoton da ya fara yi musu, idan kuma suka tarar da tambarin kamfanonin sayar da hotuna irin su Getty Images ko Shutterstock a jikinsa sai su sa manhaja ta goge shi. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin haƙƙin mallakar hoto yana tabbata ne tun lokacin da aka ɗauke shi, ko an buga masa tambari ko ba a buga ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya da Nijar duk suke cikinta, ba ta buƙatar mai hoto ya yi rajista kafin doka ta kare shi, kuma goge tambarin yana ƙara nauyin laifi ne, tunda yana nuna cewa mutum ya san hoton yana da mai shi.

Saboda haka nake ganin ya dace a san Wikimedia Commons, rumbun da aka buɗe a shekarar 2004, wanda daga cikinsa Wikipedia take samun hotunanta, kuma yanzu abin da ke cikinsa ya haura fayil miliyan 100. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma buƙatar buɗe asusu kafin a sauke hoto.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne kowane hoto yana da shafinsa, inda aka rubuta sunan wanda ya ɗauka da asalinsa da irin lasisin da ke kansa. Rumbun ba ya karɓar hoton da mai shi ya hana a yi kasuwanci da shi ko a sauya masa fasali, don haka ɗan kasuwa yana iya sa shi a fosta ko bangon littafi. Sai dai kyautar tana da sharaɗi, kuma a nan ne mutane suke tuntuɓe. Hoton da ke da alamar CC0 an sallama shi gaba ɗaya. Mai alamar CC BY dole a ambaci sunan mai shi da lasisin, a kuma faɗa idan an yi masa gyara. Mai alamar CC BY-SA ya ƙara da cewa duk wanda ya sarrafa hoton ya fitar da sabon abu, to shi ma sai ya sake shi bisa irin wannan lasisi. Rubuta "daga intanet" a ƙasan hoto bai biya wannan bashi ba. Ya kamata a duba lambar lasisin ma, domin na 4.0 yana bai wa wanda ya saɓa sharaɗi kwana 30 daga lokacin da ya gane kuskuren don ya gyara, alhali tsofaffin lasisan suna warwarewa ne nan take da zarar an saɓa.

Ga mai rubutu da Hausa akwai wata fa'ida ta musamman. Hotunan hawan salla, da marinar Ƙofar Mata a Kano, da babban masallacin Agadas suna nan, waɗansunsu daga gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014, wadda ta ja 'yan gida suka riƙa ɗaukar garuruwansu da kansu.

Gazawarsa ba ɓoyayya ba ce. Bincike da kalmomin Hausa bai cika fitar da abin kirki ba, sai an koma ga Turanci ko Faransanci, kuma ingancin hotunan ya bambanta sosai. Mafi hatsari shi ne kowa yana iya ɗora hoto, wani lokaci har da wanda ba nasa ba, sai daga baya masu sa ido su gano su cire shi. Shawarata ita ce a bincika hoton da manhajojin gano asalin hoto irin su TinEye ko Google Lens kafin a buga, a kuma adana hoton shafin lasisin. Idan fuskar mutum ta fito sarai, lasisin mai kyamara bai wadatar a yi talla da ita ba, sai an nemi yardar mai fuskar.