Fijo 504 ko Beetle? Ni dai duk biyun sun shiga hannuna

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wannan gardamar da ka ce kuna yi kai da Babanku kan tsohuwar motar da za ku saya ku tayar tare, 504 ko Beetle, ba zan yi maka kwana-kwana ba, ku ɗauki Fijo. Fijon tana gidanmu har gobe, Beetle ɗin kuma in na tuna ta tsaki kawai nake yi.

Tamu salun ce fara, Babanmu ya karɓo ta da bashin mota a 1982 yana aikin gwamnati, haɗin Kaduna ce, kamfanin Fijo ɗin nan na PAN da ke Kakuri wanda ya fara fitar da motoci tun 1975. Da ya yi ritaya gwiwa ta hana shi taka kuloci sai aka ɗora ta kan bulo a gindin darbejiya, ta fi shekara goma a wurin, kaji na ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun gama da wayoyin ciki, 'yan gwangwan sun zo taya ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba yana korar su da sanda. Wani hutun makaranta ne babban ɗana, lokacin bai fi sha uku ba, ya ce shi fa sai ya ji kukan motar nan. To daga nan aka faro.

Abin da ya sa nake cewa Fijo shi ne komai nata a fili yake. Ka ɗaga bonet ga injin nan a karkace, ga kafireta, ga filogi huɗu, ga lagireto, hannunka na kaiwa ko'ina, babu kwamfuta babu na'urar da za a jona. Baba yana zaune kan kujerar roba yana ba da umarni, ni da sifana, yaron kuma yana wanke kayan kafireta da fetur a tsohuwar tasar Hajiya (har yau ba ta yafe mana tasar ba). Ranar da muka zo tayarwa mota ta dinga harbi tana tari ta ƙi tashi, na yi gumi har na fara zagin bakaniken da ya sayar min da kwantak, ɗan ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa don filogi su samu wuta, sai tsoho ya leƙo ya ce daga ina ka fara ƙirga silinda? Na ce daga gaba mana. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce Faransawa daga baya suke farawa, ta wajen giyabos. Ya yagi kwalin ashana ya auna tazarar kwantak da shi, aka mayar da wayoyi, bugu biyu ta ɗauka. Wallahi yaron nan da gudu ya shiga gida yana ihu kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Sannan ga kaya. 504 ta daɗe ana haɗa ta a nan bayan Faransa ta bari, kuma wagon da fikof ɗinta sun sha hanyar Sakkwato da Maiduguri, don haka in ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano da wuya ka fito babu abin da ka je nema, gaskit ne, shokazoba ne, famfon mai ne. Fitilun gaba na asali da ƙarafan ado ne kawai suka ɗan wahalar da mu. Tsofaffin bakanikenta kuma suna nan da ransu, wasu ko kuɗi ba sa so, hira suke so.

Beetle kuwa, to, kyakkyawa ce, in ana hoton biki ta fi. Ita ma a nan ƙasar aka haɗa ta, a Legas. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma wadda na saya ashe wani gwani ya cire gwangwanayen da ke zagaye da injin masu tura iska kan silinda ya yar, wai ba su da amfani. Zafin watan Afrilu, ban kai Zariya daga Kaduna ba ta fara wari. Kaya sai an yi sautu daga Legas, wanda ya san ta a garinmu mutum ɗaya ne shi ma ido ya yi rauni. Baba ya zagaya ta sau ɗaya ya ce shi bai san motar da ake sa wa inji a wurin kaya ba, bai sake taɓa ta ba, ni kaɗai aka bari da ita har na sayar da asara. In Babanku Beetle ya tuƙa a zamaninsa to wannan wata magana ce, amma ka ce Fijo ya riƙe.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da dillalai. Duk wanda ya ce maka motar wani Alhaji ce ba ya fita da ita sai Juma'a, ka ɗauka ta yi haya har ta gaji. Sabon fenti mai sheƙi abin tsoro ne, ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi da gefen tayoyi, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cusa aka rufe tsatsa. Ka ɗaga kafet, ka duba ƙasan but, in Beetle ce ka ɗaga kujerar baya inda batir yake, nan take fara ruɓewa. Ka je da sassafe ba tare da ka faɗa musu lokaci ba, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, don wasu ɗumama ta suke yi su zuba baƙin mai mai kauri ya ɓoye hayaƙi. Lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, kuma ko sisi kar ka tura wa wanda hoto kawai ya nuna maka. Inji ana gyara shi, bodin da ya ruɓe ne ke cinye kuɗi wurin mai walda.

Ku nemi salun mai bodi lafiyayye ko da ba ta tashi, ka tafi da Babanku da bakanikenku ba na mai motar ba. In kun samu ka kwanta ka ɗauko min hoton ƙasanta kafin ku biya.