Gidajen Eichler na Claude Oakland: kyawun zane da tsadar gyara

A Kaliforniya ta Amurka, tsakanin 1949 da 1966, kamfanin Joseph Eichler ya gina gidaje sama da 11,000, yawancinsu a kewayen San Faransisko, irin su Palo Alto da Sunnyvale da San Mateo da San Rafael. Eichler ɗan kasuwa ne, ba shi ke zanen ba. Daga cikin masu yi masa zane akwai Robert Anshen, da A. Quincy Jones tare da Frederick Emmons, sai kuma Claude Oakland, wanda ya fara aiki a ofishin Anshen kafin ya buɗe nasa a San Faransisko a 1960, ya ci gaba da zana wa Eichler gidaje ko bayan 1966, har rasuwar Eichler a 1974. Wannan sharhi kan gidajen Oakland ne da 'yan'uwansu, da abin da ke jiran duk wanda ya sayi ɗaya da niyyar gyara shi ko sauya masa fasali.

Hukuncinmu shi ne gidajen sun cancanci kuɗinsu, amma da sharaɗin a fara kashe kuɗin gyara a inda ido ba ya gani. Wanda ya fara da sabon kicin kafin ya duba rufi da bututu zai biya kuɗin kicin sau biyu.

Tsarin ginin mai sauƙi ne. Ana zuba daɓen kankare kai tsaye a ƙasa, a kafa ginshiƙan katako, a ɗora manyan katakai a kansu, sannan a jera falankai masu shiga juna, kauri kusan inci biyu. Waɗannan falankan su ne rufi, su ne kuma silin da kake gani daga ciki. Tunda ginshiƙai ke ɗauke da nauyi, bangon baya yakan zama gilashi daga ƙasa har sama. Fuskar da ke kallon titi kuwa kusan ba taga. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara saka tsakar gida marar rufi: ka buɗe ƙofar waje, ka tarar da sararin sama da shuke-shuke, ɗakuna sun kewaye ka. Oakland ya ƙware a wannan, daga baya ma ya fito da wani salon da ya maye tsakar gidan da faffaɗan fili mai rufi wanda haske ke saukowa daga sama. Gida mai matsakaicin girma sai ka ji shi da faɗi, hasken rana na kaiwa kowane lungu. Wannan ne ake saye, kuma har yau bai tsufa ba.

Matsalolin ma daga wannan tsarin suka fito. Babu sarari tsakanin silin da rufi, babu kuma a ƙarƙashin daɓe. Duk bututu da waya ko dai suna binne cikin kankare, ko suna kwance a kan rufi ƙarƙashin kwalta.

A fara da daɓe, don nan ne kuɗi ya fi zurarewa. Ana ɗumama gidajen ne da ruwan zafi da ke zagayawa cikin siraran bututu a cikin kankaren. Idan tsarin na aiki, babu kamarsa: ba ƙara, ba iska mai busowa, ƙafa na jin ɗumi. Yawancin bututun na jan ƙarfe ne, kuma da yawa suna aiki har yanzu. Amma a wasu gidajen shekarun 1950 an yi amfani da baƙin ƙarfe, wanda tsatsa ke ci, kuma idan ya fara huda a wuri ɗaya sauran ma suna hanya. Na jan ƙarfe yakan tsage ne a inda kankaren ya tsage, saboda motsin ƙasa. Kafin a sayi gida, a sa mai aikin famfo ya rufe hanyar da ke ƙara wa tsarin ruwa, ya ɗaura ma'aunin matsi, a bar shi na wasu sa'o'i. Idan allurar ta sauka, akwai yoyo. Ana gano wurin da kyamarar da ke ganin zafi, ko a zuƙe ruwan a hura iskar hiliyom a bi sawunta. Huda ɗaya ko biyu a jan ƙarfe, a fasa wurin a liƙe. Baƙin ƙarfe mai yoyo kuwa a haƙura da shi, a shimfiɗa sabon bututun roba a kan tsohon daɓe, ko a koma ga na'urorin ɗumama da sanyaya ɗaki da ake kafewa a bango. Kuma kada kowa ya huda daɓen nan da ƙusa ko na'urar huji kafin a zana inda bututu ya bi. Sau da yawa kafinta mai kafa sabon bango ne ke kashe tsarin da ya shekara sittin lafiya.

Abin da za a shimfiɗa a kan daɓen ma yana da tasiri. Kafet mai kauri yana tare zafi, sai a yi ta ƙona gas ɗaki bai ɗumama ba. Tayil ko gogaggen kankare sun fi dacewa. Tsofaffin tayil na roba masu inci tara-tara da baƙin gam ɗinsu sukan ƙunshi asbestos, wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu, don haka a kai samfur a gwada kafin a fara kankarewa. Haka fenti: sai 1978 aka hana mai dalma a gidajen Amurka, kuma duk waɗannan gidajen sun girmi wannan shekarar.

Sai rufi. Na asali kwalta ce da tsakuwa a kan ɗan siririn abin tare zafi, shi ya sa ɗaki ke zafi da bazara, ɗumi kuma ya tsere da hunturu. Mafita biyu ce: a fesa kumfar foliyuretan mai kauri inci ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye, ko a jera allunan tare zafi masu tauri a lulluɓe su da shimfiɗar roba. Kumfa ba nauyi, tana bin kowane lanƙwasa, amma rana na cinye ta idan fentin kariyarta ya ƙare, tsuntsaye ma na tsattsage ta, don haka sai an riƙa sabunta fentin. Ko wanne aka zaɓa, a ba rufin gangara ta kusan kwatan inci a kowace ƙafa zuwa magudana, don ruwan da ya kwanta shi ke ruɓar da falanki.

Ranar da aka yaye tsohon rufi ita ce damar da ba ta dawowa da wuri. A ranar za a ja sababbin wayoyin lantarki cikin bututun ƙarfe, da wayar intanet, da bututun na'urar sanyaya ɗaki, da gurbin kowace fitilar silin da ake so nan gaba. Wayarin na asali ba shi da wayar ƙasa, wato wadda ke kare mutum daga jan wutar lantarki, a soket da yawa, akwatin rarraba wuta kuma ƙarami ne ga girkin lantarki da cajin mota. Wanda ya rufe rufi sannan ya tuna da fitila, sai dai ya yanka sabon rufinsa ko ya bar waya tana bin silin a fili.

A duba bakin manyan katakan da ke leƙowa waje. Nan ruwa ke shiga. A soka sukudireba. Idan ta nutse, ruɓa ta kama. Ƙarama ana ƙwaƙule ta a cike, a sa wa bakin hular ƙarfe. Wadda ta kai kan ginshiƙi aikin injiniya ce.

Gilasan asali falle ɗaya ne, da yawa kuma irin mai fashewa da kaifi, don dokar tarayya kan gilashin ƙofa mai aminci ta fara aiki ne a 1977. A musanya su da mai falle biyu, amma a nemi siririn firam. Firam ɗin roba mai kauri yana ɓata kamannin gidan nan take. Bangon ciki na siririn filawud ne mai launin ja-ja, kyakkyawa amma mai saurin kama wuta. Kada a zubar da shi. A cire shi a hankali, a sa abin tare zafi da allon jifsam a baya, a mayar da shi.

Game da sauya fasali, mafi yawan abin da ake yi shi ne mayar da gareji ɗaki ko ƙaramin gida na haya, wanda dokokin Kaliforniya suka sauƙaƙa tun 2017. Yana yiwuwa ya yi kyau, sai dai daɓen gareji yakan gangara zuwa ƙofa, ba bututun ɗumi a cikinsa, kuma danshi na ratso shi. Sai an shimfiɗa ledar tare danshi an daidaita shi. Idan ɗakin kwana ne, doka na buƙatar tagar tsira wadda ƙasanta bai wuce inci 44 daga daɓe ba. A fitar da ita ta gefe, a bar fuskar titi da katakonta mai tsagi a tsaye kamar yadda take.

Rufe tsakar gida don ƙara falo ba mu goyi bayansa ba. Ɗakunan da ke kewaye da ita daga nan suke samun haske da iska, daɓenta kuma an gangara shi ne zuwa magudana. Mai gudun ruwan sama ya sa rufin gilashi mai zugewa. Ɗora bene ya fi muni: ginin bai da bangaye masu yawa da za su tare jijjigar girgizar ƙasa, sannan tagar sama tana leƙa gidan maƙwabci mai bangon gilashi. Shi ya sa wasu unguwanni a Palo Alto da Sunnyvale suka samo dokar hana bene, kuma unguwannin Greenmeadow da Green Gables na Palo Alto suka shiga kundin wuraren tarihi na ƙasa a 2005. Kafin a cire ko da bango ɗaya na ciki, a kira injiniya, don wasu ginshiƙan a cikin bangon suke ɓoye.